Katin shaidar Inna ya ce matar gida ce

Jiya aka yi sadakar arba'in ɗin Inna a Garwa, a arewacin Kamaru. Da dare, bayan jama'a sun watse, mu jikokinta mata muka buɗe akwatinta na ƙarfe. Ƙur'aninta ɗan warwara yana sama cikin gafaka, sai Ahalari da Ishiriniya da gefunansu suka yi baƙi saboda yawan buɗawa. Can ƙasa muka tarar da katin shaidarta. A wajen sana'a an rubuta "ménagère", wato matar gida. A wajen sa hannu kuwa dangwale ne. Tun daren nan abin yake ci mini rai.

Inna ta fi shekara 50 tana karantarwa a tsakar gidanmu, ƙarƙashin darbejiya, daga Asabar zuwa Laraba. Da safe yara mata, bayan la'asar matan aure, wasu da goyo a baya. Ko a watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke hana mutum zama a ɗaki, ba ta taɓa cewa yau a huta ba. Da hannunta take haɗa tawada da gawayi da ƙaro, ita ke fere mana alƙalami. Kuɗin Laraba kuwa, mai dala biyar ta kawo, marar ita ta zo haka nan. Ta fassara da Hausa, in ta ga maƙwabciya ta yi shiru sai ta juya mata da Fulatanci. Matan da mazajensu ke fatauci a Yawunde da Duwala wurinta suke zuwa ta rubuta musu wasiƙa da ajami, lissafin adashin unguwa ma a littafinta yake. Wannan matar ce takarda ta ce ba ta iya sa hannu ba.

Ban ga laifin ma'aikacin da ya cika katin ba. A Kamaru Faransanci da Ingilishi ne harsunan ofis, abin da aka koya masa ya rubuta. Mu nake tuhuma, mu da muka yi lekol, wato makarantar boko. In aka tambaye mu ko kakanninmu sun yi karatu, sai mu ce ba su yi ba. Ni ma na faɗa da bakina ina lise, wato sakandare, alhali a gabanta na sauke izu 60. Allah ya yafe mini.

Inna ba ita ta fara ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta tura jajis, wato malamai mata, ƙauyuka suna koyar da mata addini cikin waƙa. Yau muna yabon Nana a taruka, amma tsohuwar da ke wannan aikin a bayan katangar gidanmu ba mu ƙirga ta cikin malamai ba.

Kada wani ya ɗauka boko nake suka. Da kawunnaina suka ce karatuna ya isa, a yi mini aure, Inna ce ta tsaya. Ta ce, "Ku bar mini kishiyata ta je, ilimi ba ya yi wa mace yawa." Sharaɗinta ɗaya ne: in wanke allona, in biya da asuba kafin in ɗauki jaka.

Allah ya jiƙanki Inna, ya sa abin da kika koyar ya bi ki. Jiya da mata za su tafi, wata dattijuwa da ta fara Ishiriniya bara ta kama hannun mahaifiyata a bakin zaure, ta ce, "Hajiya, to ran Asabar wa zai biya mana?" Mu 9 ne jikoki a tsaye a wurin, babu wadda ta amsa.