Ɓata waƙa ma sai gwani

To jama'a, ya isa haka nan. Tunda faifan nan na ƙungiyar Bad News, inda suka ɓata waƙar Bohemian Rhapsody da gangan, ya sake yawo kowa ya zama alƙalin kiɗa. Wai sun ci mutuncin Queen, ƙungiyar rok ta Ingila mai asalin waƙar, wai ko riƙon jita ba su iya ba. Sannunku da bincike! Kun gano cewa 'yan barkwanci barkwanci suke yi.

Bad News fa ba ƙungiyar gaske ba ce. 'Yan wasan ban dariya huɗu na Ingila, Adrian Edmondson da Rik Mayall da Nigel Planer da Peter Richardson, su suka ƙirƙiro ta a talabijin a 1983 don tsokanar mawaƙan rok masu dogon gashi da cika baki. Da suka ɗauko Bohemian Rhapsody a 1987, wa ya zauna musu a sitidiyo ya haɗa sautin? Brian May, mai jitar Queen da kansa. Mai abu yana dariya, ɗan kallo yana sharar hawaye.

Ɓata waƙa da gangan aiki ne, kuma sai gwani. Jita tsirkiya shida gare ta. In ka kwance su duka, hayaniya kawai za ka samu, ba mai ko murmushi. Sai ka saita biyar daidai, ka bar ɗaya ta sauka kaɗan, kamar rubu'in tazarar da ke tsakanin gaɓa biyu a wuyan jitar. Kunne ya gane waƙar, ya kuma ji tsami. Haka mai ganga: in ya watse gaba ɗaya an rasa zaren, amma ya riƙe bugu bakwai daidai ya makara a na takwas, nan dariyar take. Mawaƙi kuma dole ya san inda muryar Freddie Mercury, mawaƙin Queen, take hawa, ya tunkare ta da ƙarfin hali, ya faɗi ƙasa da ita kaɗan. Wanda bai san inda daidai yake ba, ta yaya zai kauce masa da awo?

Kuma ku duba waƙar da suka zaɓa. Ba ta cika minti shida ba, amma ta fara da amshin muryoyi, ta shiga fiyano, ta ratsa opera, ta faɗa rok mai nauyi. A 1975 mutum uku daga cikin 'yan Queen ne suka yi ta jera muryoyinsu bisa juna a kan tef har suka zama kamar taro. Kowace mahaɗa rami ce, kuma sai wanda ya san ramin yake iya faɗawa ciki da salo.

Wani zai ce tsohuwar waƙa tana da alfarma. Alfarmar me? Ɗankama yakan ɗauki waƙar babban makaɗi ya mayar da ita ta tuwo da miya, kuma ba a taɓa jin makaɗin ya rage daraja ba. Ba a kwaikwayon waƙar da ba wanda ya haddace. Wallahi ni girmamawa nake ji a ciki.

Af, masu cewa Bad News sun kwafi Spinal Tap, fim ɗin barkwanci kan wata ƙungiyar rok ta ƙarya, ku duba kalanda. Fim ɗin Amurkawan nan sai 1984 ya fito.