Shawarwarin Dame Edna ba na bi ba ne

Wanda ya ci karo da bidiyon Dame Edna Everage a intanet, da gashinta mai launin shunayya da ƙaton tabarau, tana koya wa mutane karɓar baƙi da zaman duniya, yakan ɗauka ko dai hamshaƙiyar mace ce mai ba da shawara da gaske, ko kuwa namiji ne da ya koma rayuwar mata. Duka biyun kuskure ne.

Barry Humphries, ɗan wasan barkwanci na Ostireliya, shi ya ƙirƙiro ta a 1955 a matsayin matar aure daga unguwar Moonee Ponds ta birnin Melbourne, kuma shi ne ke sa kayan mata ya fito a matsayinta. Idan ya sauka daga dandali ya tuɓe kayan, magidanci ne mai 'ya'ya huɗu. Ya rasu a 2023.

Shawarwarin kuwa da gangan ake karkata su. Abin da yake zolaya shi ne fankama da ƙyamar baƙo irin ta masu rufin asiri a unguwannin da ya tashi, shi ya sa Edna ke yabon mutum tana yankarsa a lokaci guda.

Rashin gane haka ya taɓa jawo rigima. A 2003, a shafinta na amsa wasiƙu a mujallar Vanity Fair, ta shawarci wani da kada ya ɓata lokaci wajen koyon Sifaniyanci, ta kuma ƙasƙantar da masu jin harshen. Mutane da dama suka fusata, har da jaruma Salma Hayek, mujallar ta ba da haƙuri. A ganina fushinsu yana da dalili, domin a rubuce ba a ganin fuskar mai wasa.