Kujera muka biya, ba darasin lissafi ba

Wallahi abin da ake yi mana a wani gidan wasanni da ke Yaba ya ishe ni. Mutum ya taso tun daga Agege ranar Asabar, ya sha matsi a danfo, ya gasu a gosulon Oshodi, ya biya kuɗin kujera, sai ya ƙare da kallon samari biyu suna buga lissafi har magariba. Wai Dungeons & Dragons muke yi!

Wasan nan da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974 ba ɓoyayyen abu ba ne. Kowa da jaruminsa a takarda, jagora na jan labari, dayis mai fuska 20 na raba gardama. A bugun dokokin wasan na 2014, ɗaya daga hanyoyin ƙera jarumi ita ce a ba ka maki 27 ka raba wa siffofi shida, kowace tsakanin 8 da 15. To su waɗannan bayin Allah sai su zuba 15 a ƙarfi da juriya da kwarjini, makin ya ƙare ƙaf, su bar basira da hikima da zafin nama a 8. Ba komai, doka ta yarda. Amma jarumin da basirarsa ke ƙasa haka, shi ne zai warware kowane kacici-kacici kafin jagora ya rufe baki? Ɗayan ma mayaƙinsa ya yi rantsuwar tsare gaskiya, mako na zagayowa ya ƙulla alkawari da wani aljani don sararsa ta ƙara nauyi. Na ce masa, ɗan'uwa, me ya kai jaruminka ga wannan? Ya ce lambar ce ta fi. Shi ke nan fa dalilin.

Ni ban ƙi jarumi mai ƙarfi ba, wa ke son a kashe shi a faɗan farko? Haushina na kan jagoran da ake biya da kuɗinmu. Bugun 2014 ya kafa wasan a kan ginshiƙai uku: yaƙi, bincike, da mu'amala da mutanen cikin labari. Har lada ya tanada ga wanda ya taka rawar jaruminsa da kyau, ya jefa dayis biyu ya ɗauki mafi girma. Idona bai taɓa ganin jagoran namu ya ba kowa ba. Da haka tatsuniya take, ai da tuni Kura ta cinye Gizo an tashi.

Akwai wata baiwar Allah daga Idi-Araba da ta ƙirƙiro 'yar fatake mai bashi a wuya, ta rubuto mata tarihi tsaf. Ta fara ciniki da mai tsaron ƙofar birni, daɗi ya fara ratsa tebur, sai jagora ya katse ta: "Hajiya, ki jefa kawai, lokaci na tafiya." Lokaci! Alhali zagayen faɗa ɗaya daƙiƙa 6 ne a cikin labarin, amma sai shayi ya huce waɗancan na tara lambobi, shi kuwa yana ta gyaɗa kai.

Na kai kuka wurin mai gidan, ya ce in yi haƙuri, ko'ina haka ake yi. Ƙarya ne, Malam. A raba tebur, masu son sara su yi nasu, ko a zauna tun kafin a fara a faɗa wa kowa irin wasan da za a yi. In hakan ya gagara, a maido mana kuɗin watan nan, muna da tabarma da dayis a Agege.