Allon kwamfuta na mai kwamfuta ne, ba na laburaren manhaja ba

Duk wanda ya gina manhaja a kan laburaren SDL, wato tarin shiryayyun umarni da masu rubuta manhaja ke amfani da su wajen nuna hoto da fitar da sauti, ko da ƴar kalkuleta ce mai taga ɗaya, ya hana allon mai amfani da ita hutawa, ya sani ko bai sani ba. Tun daga siga ta 2.0.2 da ta fito a 2014, da zarar manhaja ta tayar da sashen hoto na SDL, sai laburaren ya dakatar da labulen allo, wato hoto ko duhun da ke rufe fuskar kwamfuta idan an daɗe ba a taɓa ta ba. SDL 3 da ta fito a farkon 2025 ita ma ta gaji wannan hali. Mai rubuta manhajar da ba ya son haka, shi ne zai nemi a saki allon, ta hanyar kiran SDL_EnableScreenSaver ko sanya SDL_VIDEO_ALLOW_SCREENSAVER ya zama 1. A ganina an kifa al'amarin ne. Wanda yake son hana allo barci shi ya kamata ya buɗe baki ya roƙa, ya faɗi dalilinsa, kuma roƙon ya faɗi da zarar dalilin ya kau.

Masu SDL suna da hujjarsu, kuma hujja ce ta gaskiya. Sam Lantinga ya fara laburaren a 1998 domin wasannin kwamfuta. Mai wasa da hannun gem yana iya shafe awa guda bai taɓa madannai ko linzami ba, tsarin X11, mai kula da nuna hoto da tagogi a Linux, kuwa ba ya ƙirga motsin hannun gem a matsayin alamar cewa akwai mutum a wurin. Ana tsakiyar wasa sai allo ya yi baƙi. Ba wanda zai so haka. Sai dai SDL ta daɗe da wuce wasanni. A kanta ffplay mai kunna bidiyo yake, a kanta pygame yake, wanda ɗalibai ke koyon Python da shi, ga kuma manhajojin kwaikwayon tsofaffin na'urori irin su DOSBox. Ɗalibin da ya bar ƴar tagar pygame a buɗe ya tafi masallaci bai nemi a hana kwamfutarsa kulle kanta ba.

Abin da ake kira "hana labule" a zahiri abubuwa uku ne da aka ɗaure da igiya ɗaya. Akwai labulen kansa, wanda aka ƙirƙira a zamanin manyan allunan kwalba, lokacin da hoton da ya daɗe a tsaye yake ƙona tabonsa a jikin gilashi. Allunan OLED na yau ma ba su tsira daga irin wannan tabo ba. Akwai tsarin rage wutar allo na DPMS da ƙungiyar VESA ta fitar a 1993, mai matakai huɗu daga kunne zuwa kashe, waɗanda a da ake shaida wa allo ta hanyar yanke siginar daidaita layin kwance, ko ta tsaye, ko duka biyun. Sai kuma kulle, wanda ke neman kalmar sirri kafin a koma aiki. A yawancin tsare-tsaren yau agogo ɗaya ne ke ƙirga wa ukun lokacin zaman banza. Wanda ya tsayar da agogon don kada wasansa ya katse, ya bar ƙofar kwamfutar a buɗe ke nan. A ofis ko asibiti wannan batun tsaro ne. Ga mai laftof da ke lallaɓa batir saboda an ɗauke wuta kuwa, allo yana cikin abubuwan da suka fi shan caji, kuma barinsa a kunne ba gaira ba dalili asara ce da yake ji a jikinsa.

Yadda ake hanawar ma ya fi hanawar muhimmanci, kuma a X11 ne aka fi ganin ɓarnar. Hanya mafi muni ita ce taɓa saitin uwar garken hoto, wato manhajar X11 da ke sarrafa allo a madadin dukkan manhajoji, baki ɗaya: a karanta lokacin labule da XGetScreenSaver, a mayar da shi sifiri da XSetScreenSaver, a kira DPMSDisable, da niyyar a maido da komai idan an tashi fita. Wasu tsofaffin sigogin SDL 1.2 sun bi wannan hanya. Matsalarta ita ce saitin ba na manhajar ba ne, na zaman aikin mutum ne gaba ɗaya. Idan manhajar ta faɗi ko aka kashe ta da ƙarfi, ba mai maido da komai, allo zai kwana a kunne har sai an fita an sake shiga, ko mai kwamfutar ya san ya rubuta umarnin xset +dpms don ya sake kunna DPMS. Ko ba a faɗi ba ma, manhajoji biyu sun isa su lalata lissafin. Ta farko ta tarar da sakan 600, ta adana, ta sa sifiri. Ta biyu ta zo ta tarar da sifiri, ta adana shi a matsayin zaɓin mai kwamfuta. Ta farko ta fita ta maido da 600, ta biyu ta fita ta maido da sifiri. Kowacce ta yi abin da aka rubuta mata daidai, amma labule ya mutu, kuma babu wata alama da za ta nuna wa ya kashe shi.

Hanya ta biyu ita ce taɓo: manhaja ta riƙa kiran XResetScreenSaver lokaci-lokaci don agogo ya koma farko. SDL 2 tana yin haka duk sakan 30. Wannan ta fi ta farko nesa ba kusa ba, domin idan manhajar ta mutu taɓon ya tsaya, komai ya koma yadda yake. Rauninta shi ne ba kowace manhajar kulle ce ke dogaro da agogon uwar garke ba. Xscreensaver ta Jamie Zawinski, wadda take nan tun 1992, tana da nata umarnin, xscreensaver-command -deactivate. Saboda irin wannan rarrabuwa ne wasu masu manhajar bidiyo suka koma aika danna madanni na ƙarya ta XTest, wani ƙarin X11 da ke kwaikwayon danna madannai. Wannan kam bai kamata laburare ya kusance shi ba: dannan yana iya faɗawa cikin tagar da mutum yake rubutu, kuma yana sa manhajojin hira su nuna mutum yana zaune alhali ya daɗe da tashi.

Hanyar da ta dace ita ce wadda tsarin aiki yake riƙe da roƙon a madadin manhaja, ya kuma sake shi da kansa idan manhajar ta ɓace. A X11 akwai XScreenSaverSuspend, a siga ta 1.1 ta ƙarin MIT-SCREEN-SAVER, wanda ke dakatar da agogon labule da na DPMS ba tare da canza saitin kowa ba, kuma yana warwarewa idan haɗin manhajar da uwar garke ya yanke. A kan D-Bus, hanyar da manhajojin Linux ke aika wa juna saƙo, akwai org.freedesktop.ScreenSaver: ana kiran Inhibit da sunan manhaja da dalili, a karɓi lamba, a mayar da lambar ga UnInhibit idan an gama. Wayland, tsarin hoto da ke maye gurbin X11 a Linux, ta ƙara matsawa gaba. A ƙa'idarta ta hana zaman banza, roƙon yana ɗaure ne da taga guda, kuma yana aiki ne kawai muddin ana ganin tagar. Haka Android take yi da FLAG_KEEP_SCREEN_ON, haka ma burauza take yi wa shafin intanet da ya nemi navigator.wakeLock: da mutum ya koma wani shafi, an saki allon. Tsare-tsaren da aka gina daga baya duk sun karkata wuri ɗaya, kuma ba haɗa baki suka yi ba, sun ga abin da tsohuwar hanya ta jawo ne.

Windows tana da nata tarkon. SetThreadExecutionState tare da ES_CONTINUOUS da ES_DISPLAY_REQUIRED yana hana allo mutuwa, amma yana ɗaure ne da zaren aikin da ya kira shi, wato ɗaya daga cikin layukan aiki da manhaja ke gudanarwa a lokaci guda. Laburaren da ya kira shi daga wani zare na wucin gadi zai ga roƙon ya ɓace da zaren, wanda kuma ya yi ƙoƙarin sokewa daga wani zare dabam bai soke komai ba. Takardun Microsoft sun kuma bayyana cewa wannan kira ba ya hana labulen allo tashi. Labulen ana tare shi ne a saƙon WM_SYSCOMMAND mai ɗauke da SC_SCREENSAVE, kuma idan hukumar ofis ta wajabta kulle da kalmar sirri, Windows ba ta sauraron ƙin manhaja. Hakan daidai ne, kuma laburaren da ya nemi zagaye wannan doka ya shiga hurumin da ba nasa ba. Tun Windows 7 akwai PowerCreateRequest da PowerSetRequest, masu karɓar dalili a rubuce, wanda mai kwamfuta zai iya gani da powercfg /requests. A macOS kuwa IOPMAssertionCreateWithName ne, ana duba shi da pmset -g assertions.

Wannan dalili da ake rubutawa ba ado ba ne. Shi ne kaɗai abin da mutum zai kama idan yana neman sanin me ya hana kwamfutarsa barci. A SDL, idan mai manhaja bai sa nasa ba, abin da ake aika wa tsarin Linux jimla ce ta Ingilishi da ke cewa ana wasan gem, ko da kuwa manhajar ta zanen taswira ce. Laburaren da ya tilasta wa mai kira ya ba da dalili kafin a karɓi roƙonsa ya rufe wannan ƙofa tun daga tushe.

Akwai kuma bambancin da laburare da yawa ke haɗiyewa: hana allo mutuwa dabam, hana na'ura barci dabam. Manhajar da ke karanta sauti ko sauke babban fayil tana bukatar na'ura ta zauna a farke, amma ba ruwanta da allo. Windows ta raba su da ES_SYSTEM_REQUIRED da ES_DISPLAY_REQUIRED, macOS ta raba su, kamar yadda umarnin caffeinate -i (na na'ura) da caffeinate -d (na allo) suka nuna, ƙofar Inhibit ta Flatpak, tsarin rarraba manhajoji a Linux, ma ta ba barci lamba 4, zaman banza lamba 8. Laburaren da ya ba da makunni ɗaya tak ya tilasta wa kowa ɗaukar mafi tsada. Makunni ɗayan yana da wani aibin: idan sashen bidiyo da sashen wasa a manhaja guda duka sun nemi hanawa, wanda ya fara gamawa zai kashe wa ɗayan. Kamata ya yi kowane roƙo ya dawo da tikitinsa, laburare ya riƙa ƙirga tikitin da ke waje, ya saki allo sai na ƙarshe ya dawo.

Za a ce canza halin asali zai karya tsofaffin wasannin da ba mai kula da su yanzu, waɗanda suka dogara da SDL ta yi musu wannan aiki. Gaskiya ne, amma maganin bai kai a hana kowa barci ba. GLFW, wanda shi ma laburaren taga ne na wasanni, yana hana labule ne kawai idan taga ta cika allo. Wannan iyaka ce mai ma'ana ga tsoffin manhajoji: a hana idan taga ta cika allo kuma ita ce a gaba, a saki da zarar an naɗe ta ko an koma wata. Matsalar hannun gem kuwa, tunda laburaren ne ke karanta hannun, shi ya fi kowa sanin lokacin da aka motsa shi. Ya mayar da agogo farko a duk lokacin da aka danna maɓalli ko aka tura sanda ta wuce ɗan yankin tsakiya da ake yi wa uzurin rawa. Mai wasa ba zai ga duhu ba, wanda ya ajiye hannun ya tafi kuwa kwamfutarsa za ta kulle a kan lokacinta.

Mai rubuta manhaja zai iya gwada laburaren da yake amfani da shi cikin minti biyar. A X11, ya rubuta xset q ya lura da lokacin labule da layin da ke nuna ko DPMS na kunne. Ya rage lokacin da xset s 60 don kada jira ya yi tsawo, ya sake rubuta xset q ya riƙe sababbin lambobin. Ya tayar da manhajar, ya naɗe tagarta, ya ga ko allo zai yi duhu bayan minti ɗaya. Sannan ya buɗe kwafi biyu, ya rufe na farko kafin na biyu, ya sake duba xset q. Daga ƙarshe ya kashe ta da kill -9 tana tsakiyar aiki. Idan lambobin da ya gani kafin ya tayar da manhajar ba su ne a ƙarshe ba, laburaren yana taɓa saitin da ba nasa ba, kuma wannan kuskure ne da ya cancanci a kai rahotonsa ga masu kula da shi tare da sakamakon xset q na kafin da na bayan.