Kunne Ba Ya Ƙirga Ƙuri'a

A ranar 20 ga Maris, 2025, Majalisar Dattawa da ta Wakilai suka amince da dokar ta-ɓacin da Shugaba Bola Tinubu ya ayyana a Jihar Ribas kwana biyu kafin nan. Sashe na 305 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce sai kashi biyu bisa uku na dukkan mambobin kowace majalisa sun yarda, wato sanatoci 73 cikin 109, da 'yan majalisar wakilai 240 cikin 360. To ta yaya aka tabbatar adadin ya cika? Da kunne. Shugaban zama ya nemi masu goyon baya su amsa, zaure ya ɗauki amo, ya buga guduma, shi ke nan. Sanatoci ma sai da suka gama ƙus-ƙus a zaman sirri kafin su fito su amsa.

Ba dacewar ta-ɓacin nake jayayya a kai ba, wannan zance ne na wata rana. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mutumin Gaya ko Funtuwa ba shi da hanyar sanin ko wakilinsa ya ce e, ko a'a, ko ma yana Dubai ranar.

Kuma ba rashin kayan aiki ba ne. A watan Maris na 2022, lokacin gyaran kundin tsarin mulki, da na'ura suka kaɗa ƙuri'a. A Yulin 2021 kuwa, kan aika sakamakon zaɓe ta intanet, sanata bayan sanata ya miƙe ya faɗi matsayinsa: 52 a gefe guda, 28 a ɗaya gefen. Washegari sunaye suka bazu a jaridu, wasu suka sha tambaya a mazaɓunsu. Ina zargin zafin wannan rana ne har yau ake gudu.

Kada kuma a ce lokaci ne ya ƙure. Zaman zaure Talata, Laraba da Alhamis ne kawai, ga dogon hutu daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, alhali Sashe na 63 kwana 181 ya wajabta a shekara. Da aka so dawo da tsohon taken ƙasa a Mayun 2024, Majalisar Wakilai rana ɗaya ta yi masa karatu uku. Kiran sunan mutum 360 ɗaya bayan ɗaya ba zai cinye tsakanin azahar da la'asar ba.