Injin da ke juyawa a cikin jikinka

Abin da ke ba ni haushi da yadda ake koyar da ilimin halittu shi ne, sai a ce wa yaro "mitokondiriya ce tashar wutar ƙwayar halitta", ya haddace, ya ci jarrabawa, shi ke nan. An rufe littafi daidai inda labarin ya fara daɗi.

Duk motsin da jiki ke yi, daga ƙiftawar ido har bugun zuciya, da wani sinadari ake biyan kuɗinsa, sunansa ATP. Jiki ba ya tara shi, sabunta shi yake yi ba dare ba rana, har abin da mutum ke sarrafawa a yini guda yakan kusan kai nauyin jikinsa. Mai ƙera shi kuwa wani enzayim ne, wato furotin mai hanzarta haɗuwar sinadarai, sunansa ATP sintes. A bangon ciki na mitokondiriya yake zaune, kuma juyawa yake yi. Ba misali nake bugawa ba, juyawa ta zahiri, kamar farfela.

Mitokondiriya tana amfani da ƙarfin abinci da iskar da muke shaƙa ta tura furoton, wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu cajin lantarki, zuwa bayan bangonta na ciki, su taru kamar ruwa a madatsa. Da suka nemi komawa sai su bi ta cikin enzayim ɗin, su murɗa wani zobe, zoben ya murɗa sandar da ke tsakiya. Peter Mitchell ne ya kawo batun tarin furoton a 1961, manyan masana suka daɗe suna ja da shi, daga baya ya karɓi kyautar Nobel a 1978.

Inda ya fi burge ni shi ne kan injin, wato ɓangaren da sandar ke juyawa a cikinsa. Yana da gurabe uku, kamar hannaye uku: wannan na karɓar ADP da fosfet, sinadarai biyun da ake haɗawa su zama ATP, wancan ya damƙe su su haɗe, na ukun ya buɗe ya saki ATP. Zagaye ɗaya, ATP uku. Paul Boyer ya gano abin da hankali ba zai kawo da wuri ba: haɗa su ba shi ne mai cin ƙarfi ba, ɓamɓare ATP daga hannun enzayim ne ke ci. Enzayim ɗin ya riƙe shi gam, sai sanda ta juyo ta tilasta masa saki.

John Walker da abokan aikinsa sun fitar da siffar kan injin a 1994, daga zuciyar saniya. A 1997 masana a Japan suka liƙa wa sandar wani siririn zare mai ƙyalli, suka leƙa madubin ƙara girma, sai ga zare yana zagaye. Gani ya kori ji. A wannan shekarar ce Boyer da Walker suka samu Nobel.

Wallahi da wannan zaren aka nuna mana a aji, ko na minti ɗaya ne, da babu mai yin gyangyaɗi.