Yadda Ɓera Ya Ci Gandar Bel Ɗina

Ni mutumin wando mai zariya ne. Bel ya shigo rayuwata da rana tsaka, lokacin da aka mayar da ni wani ofishi inda ranar Litinin sai da kwat. Ƙanena da ke fatauci ya tausaya mini, ya kawo mini tsarabar wani baƙin bel mai kauri, fatar saniya zalla, kansa na ƙarfe sai walƙiya yake. Ya ce in na kula da shi, shi zai raka ni har ritaya.

Kulawa kuwa babu wadda ban yi ba. Da an tashi aiki nakan zare shi, in naɗe shi tam, in aza gaban mota jikin gilashi don kada zufa ta ɓata shi. Duk wanda ya san Sakkwato a watan Afrilu ya san zafi na haura digiri 40 a inuwa, balle cikin motar da aka kulle aka bari a rana. Kafin ruwan farko ya sauka bel ya bushe ƙayau kamar kilishi. In na warware shi sai ya sake naɗe kansa, ga tsaga ta fito kusa da hudar da nake sawa.

Na kai kuka wurin Kawu, wanda babu matsalar da ba shi da maganinta, daga ciwon baya har siyasar Amurka. Ya juya bel ɗin, ya sunsuna, ya ce, "Yunwa shika ji. Hwata ba ta son yunwa, ba shi man shanu shi sha." Bai faɗi yawan da za a ba shi ba, ni kuma ba a san gidanmu da rowa ba. Na tare wata Bafulatana na sayi kwalba guda, na zauna bayan Isha na yi ta dulmiya masa har ya daina sha.

Ranar Litinin na shiga ofis da farar riga. Kafin azahar mai ya zana mini zobe a ƙugu, gaba da baya. Abokin aikina ya riƙa ɗaga hanci yana tambayar wa ya shigo da dambu bai yi tayi ba. Na taya shi nema.

Uwargida da ta ga rigar ba ta yi dogon bayani ba. Ta ɗauki bel da yatsu biyu, ta cusa a baƙar leda, ta ƙulle, ta tura can ƙasan akwati. Wannan kuma tsakiyar damina ne, watan Agusta, lokacin da ko takalmi ka manta a lungu sai ya yi gemu. Da na buɗe ledar bayan an kwana biyu, hunhuna ta yi masa fari da kore. Ta ce ba a ɗakinta ba. Aka shimfiɗa shi kan buhun gero a sito don ya sha iska, aka manta. Ɓeran sito, da ya gaji da gero gaya, ya wayi gari ya tarar an kawo masa ganda da man shanu har gida. Ya fara daga wutsiya, ya cinye hudoji, ya tsaya inda ƙarfinsa ya ƙare.

Haka na ɗauki abin da ya rage na nufi shiyar Madunka, wurin dukawa. Na tarar da wani dattijo yana ɗinkin jaka da jar fata. Ya karɓa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago.

"Ɗana, wanga bel mi ya yi maka?"

Na zayyana masa komai, har da inda Kawu da uwargida suka shigo, don a san masu laifi. Bai ko yi murmushi ba. Ya ce tun kakanni majeman garin nan da bagaruwa suke jima, su rina ja da karan dafi, kuma fatar jar akuyar Sakkwato raƙuma suka riƙa ƙetara Sahara da ita, har Turawa suka sa mata sunan Maroko saboda ta can take isa hannunsu. "Hwatar da ta ratsa hamada lahiya lau, kai ka kashe irinta tsakanin mota da sito."

Daga nan ya shiga karatu, yana yi yana goge hunhunar da tsumma. Rana da zafi su ke tsotse man da ke jikin fata, shi ya sa take tsagewa, naɗi mai tsauri kuma yana ƙara karya ta. Leda tana riƙe laima, fata kuwa tana son iska. In bel ya jiƙe da zufa ko ruwa, a goge a bar shi ya bushe a inuwa. Mai kuma, ya nuna mini kan ɗan yatsansa: ɗan man kaɗanya kaɗan a tsumma, a murza, a share abin da ya rage, musamman in hunturu ya kama. Wurin ajiya kuwa, ƙusa ɗaya ta isa, a rataye shi ta kan ƙarfen ya sauko a miƙe, cikin ɗaki inda rana ba ta dukansa. Duk wannan ilimi, ƙusar ce ta fi ƙona mini rai, don akwai irinta bayan ƙofar ɗakina, kalandar bara ce a jiki.

Ya yanke inda ɓera ya ci, ya gyara bakin, ya huda sababbin hudoji, ya ce in gwada. Na zagaya da shi, na ja numfashi, na haɗiye ciki iya iyawata. Saura kamar yatsa uku su haɗu.

"To," in ji shi, "ko ka sai sabo, ko ka rage tuwo."

Na tambayi kuɗin sabo, ya faɗa, na ce zan yi shawara da gida. Uwargida ta saurari zaɓin biyun da kyau, ta tambayi farashin ita ma. Da dare aka kawo mini kwano, na buɗe, malmala ɗaya ce a ciki.